Rumfar zuƙe hayaƙi a kicin: wane ƙarfe za ka kai wa mai walda?

Wanda ke son ya san ko kicin ɗinsa na buƙatar abin zuƙe hayaƙi, ya bari sai bayan Babbar Sallah ya ɗaga kai ya dubi silin. A da, suyar naman layya a tsakar gida ake yin ta, hayaƙi ya kama gabansa. Gidajen da ake ginawa yanzu a Kano da Kaduna da Abuja, har Maradi, kicin na cikin gida ne, manne da falo, ga silin POP fari tas, ga kabad na katako har sama. 'Yan watanni ana suyar ƙosai da kifi, ana ƙona manja, sai farin nan ya koma ruwan ƙasa, saman kabad ya yi danƙo, labulen falo ya riƙa warin attaruhu.

Maganin abin shi ne rumfar ƙarfen nan da ake kafawa saman murhu, da fanka a cikinta da bututu mai fitar da hayaƙi, wadda masu shagon kayan kicin ke kira ekstirakta. Akwai ta kanti, faɗin santimita 60 ko 90, ka saya ka kafa. Idan murhunka daidai yake da wannan awo, girkin gidan kuma ba mai yawa ba ne, sayi ta kanti ka huta. Amma akasarin masu sauƙin kuɗi a cikinsu shafaffu ne, ba su da ciki, an yi su ne domin gidan da ake ɗora tukunya ɗaya a dafa taliya. Gidan da ake tuƙa tuwon mutum goma sha biyar, ko uwargida na yin wainar sayarwa, ko an jera murhu biyu, nan ne ƙerarriya take fin ta kanti. Sai dai da zarar ka ce za a ƙera maka, zaɓi ya dawo wuyanka.

Kafin a zo maganar ƙarfe, akwai hukuncin da ya fi ta nauyi: hayaƙin waje zai fita, ko tace shi za a yi a maido da shi ɗaki? Nau'i na biyu yana aiki ne da matatar gawayi, ba ya buƙatar huda bango, shi ya sa 'yan haya ke son sa. Yana rage wari da ɗan maiƙo. Tururi kuwa, da zafi, da iskar da wutar gas ke fitarwa, duk suna nan tare da kai a ɗakin, matatar kuma sai an sauya ta duk bayan wata uku zuwa shida, in ma an samu irinta a kasuwa. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ban ga hikimar kashe kuɗi a ƙera rumfar da za ta juya maka zafi a ka ba. In har za a ƙera, a huda bango.

To, ƙarfe. Biyar ne za ka ci karo da su a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Katako ta Yamai: baƙin ƙarfe, galbanaiz, alminiyam, silba wanda masu walda ke ce wa sitenles, sai jan ƙarfe in an dace.

Baƙin ƙarfe shi ne wanda kowane mai walda a bakin titi ya iya, da shi yake yin ƙofa da get. Yana da araha, yana lanƙwasuwa yadda ake so, in mai fentin mota ya fesa shi baƙi ko ruwan toka sai ka rantse daga waje aka kawo shi. Matsalarsa tana ciki, inda ido ba ya kaiwa. Kullum tururin tuwo da miya na dukan sa, kullum ana goge shi da soson ƙarfe, fentin ya kankare, tsatsa ta kama daga layin walda. Wata rana ɓarɓashin tsatsa da fenti zai faɗo, kuma tukunya ce a ƙasa. A matsayin rigar waje ba shi da laifi. A ciki kuwa, a'a.

Galbanaiz baƙin ƙarfen ne dai, aka lulluɓe shi da tutiya, ɗan'uwan kwanon rufi ke nan. Ba ya saurin tsatsa, kuɗinsa bai kai na silba ba, kuma da shi ake yin bututun iska a manyan gine-gine, don haka wajen bututu babu mai ja da shi. A jikin rumfa ne yake da 'yan halaye. Na farko, ba ya son wutar walda. Tutiya na narkewa a wajen digiri 420, wutar walda kuwa ta ninka haka sau da yawa, sai ta ƙone ta tashi da farin hayaƙin da ke sa mai aikin zazzaɓi da ciwon jiki da daddare. Masu walda da yawa sun yi imani gwangwanin madara na wanke wannan hayaƙi daga ƙirji. Ba ya wankewa, iska da takunkumi ne kariya. Wurin da aka yi waldar kuma ya zama tsirara, daga nan tsatsa za ta fara. Hanyar da ta dace da galbanaiz ita ce ta masu yin akwatin ƙarfe da bokiti: a lanƙwasa baki, a haɗa shi cikin juna, a buga ribit, wato ƙusar da ke haɗa falle da falle, a toshe da silikon mai jure zafi. Na biyu, fentin mai na gama-gari ba ya zama a kansa, yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, sai an fara shafa masa irin fentin ƙasa da aka yi domin tutiya. Na uku, soda mai ƙarfi da ruwan tsami duk suna cin tutiyar, alhali su ne abin da hannu ke fara kaiwa gare su idan maiƙo ya kafe.

Alminiyam ba zan daɗe a kansa ba. Ba ya tsatsa, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, amma yana lotsawa da ɗan bugu, soda na baƙanta shi, kuma yana narkewa a digiri 660 bayan ya riga ya saki jiki tun kafin nan. Silba sai an haura 1,400. Ranar da mai ya kama da wuta a kasko, harshen wutar sama yake yi, cikin rumfar da ta tara maiƙo. Wannan rana kaɗai ta isa ta fitar da alminiyam daga lissafina.

Jan ƙarfe kuwa na masu son ado ne, kuma gaskiya yana da kyau. Sabo yana sheƙi ja-ja, da shekaru sai ya rine ya koma ruwan goro mai duhu, inda gishiri ko tsami ya taɓa ya yi kore. Wasu wannan rinewar suke so, wasu kuma su ƙare rayuwarsu suna goge shi da lemun tsami. Kuɗinsa ya ninka na ƙarfe sau da yawa, samun fallensa mai faɗi ba kullum ba ne, ga taushi. Dalmar da ake like shi da ita tana narkewa a wajen digiri 200, saboda haka ba a dogara da ita a wurin da wuta za ta iya kaiwa. Wanda ransa ya biya, ga hanya mai sauƙi: rumfar ta zama baƙa, a zagaye bakinta da siririn zanen tagulla mai ƙusoshi. Aikin tagulla ba baƙo ba ne a ƙasar nan, Bida ta yi suna a kansa, a Kasuwar Kurmi ma ba a rasa masu yi.

Saura silba, kuma a nan ne ake cin kuɗin mutane, domin kalmar ɗaya ce amma ƙarfen iri-iri ne. Abin da ke hana shi tsatsa sinadarin kuromiyam ne, wanda dole ya kai kashi 10.5 cikin ɗari kafin ƙarfe ya ci wannan suna. A saman fallen akwai wani siririn lulluɓi da ido ba ya gani, in aka karce shi sai ya sake haɗuwa da kansa muddin iska na taɓa shi. Tun 1913 wani masanin ƙarfe mai suna Harry Brearley ya narka irin wannan ƙarfe a birnin Sheffield na Ingila. A kasuwa lamba uku za ka riƙa ji.

Lamba 304 ita ce ta kayan girki na ƙwarai, kuromiyam wajen kashi 18, nikel wajen kashi 8. Tana jure tururi da gishiri da sabulu, tana karɓar walda lafiya. Lamba 430 kusan babu nikel a cikinta, shi ya sa ta fi araha, kuma mayen ƙarfe na kama ta. Kada wannan ya sa ka raina ta, da yawa daga rumfunan kanti da ita ake yin su, kuma a busasshiyar ƙasa irin tamu tana shekaru ba ta nuna komai ba. Rauninta a layin walda yake, gara a lanƙwasa ta a buga ribit. Lamba 201 ita ce mai rikitarwa. An rage mata nikel an cike da manganis, tana sheƙi kamar 304, mayen ƙarfe kuma ba ya kama ta sosai. Mai shago zai ɗauko mayen ƙarfe ya manna ya saki, ya faɗi, ya ce maka, "Alhaji ka gani da idonka, orijina ne." Abin da gwajin ya nuna kawai shi ne ba 430 ba ce. Bai raba 201 da 304 ba. Nemi tambarin masana'anta da ke jikin fallen ko ledarsa, akwai kuma ruwan gwaji da ake ɗigawa ya sauya launi. Ita 201 ba haramun ba ce, da ita ake yin dogaran bene da yawa, amma ka biya kuɗinta, kada ka biya na 304. Akwai 316 mai jure iskar teku. Wannan damuwar mutanen Legas ce da Kwatano, ba ta Bakano ba.

Ko ka sayi 304 ta gaskiya, mai aiki na iya kashe maka ita. Silba mai kauri milimita ɗaya ba ta son waldar sanda irin ta get, tana hujewa, tana murɗewa. Waldar agon take so, wadda ake yi da iskar gas mai suna agon, don haka masu yin dogaran bene da tankin ruwa na silba za ka nema. Kuma faifan gurza ko burushin da ya taɓa baƙin ƙarfe kada ya taɓa ta, domin yana dasa mata ƙurar ƙarfe, bayan mako biyu ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa ka ce an cuce ka a kasuwa, alhali a shagon walda aka yi ɓarnar. Na taɓa ganin haka a kan wani teburin kicin da aka yi mana, sai da aka sake goge shi gaba ɗaya da sabon faifai. A gida kuma a kiyaye ta da ruwan bilic, shi ne babban abokin gabanta. Ruwan zafi da sabulun wanke-wanke sun wadatar. Wajen fuska, mai sheƙin madubi tana nuna kowane yatsa da kowace lotsawa. Mai layi-layi marar ƙyalli ta fi rufa asiri.

Kauri ma wurin ciniki ne. Ƙa'idar da ake bi a kicin ɗin gidajen abinci a Amurka ta sa mafi ƙarancin kaurin rumfa wajen milimita 0.9 ga silba, wajen 1.2 ga baƙin ƙarfe. Gida bai kai gidan abinci wuta ba, amma awon ya yi daidai: silba 0.9 zuwa 1.2. Ƙasa da 0.7 za ta riƙa kaɗawa tana kuka kamar ganga idan fanka ta tashi. Ga dabarar gane kauri ba tare da ma'auni na musamman ba: falle mai ƙafa huɗu da takwas, in milimita ɗaya ne na silba, zai yi wajen kilo 24. In aka ɗora a sikeli ya tsaya a 14, to 0.6 aka ba ka, ko me aka rubuta a rasit. Falle ɗaya irin wannan na jan ƙarfe zai kai kilo 27, na alminiyam 8. Wannan nauyi ya shafi bango ma. Bulonmu mai rami ne, ƙusa ba ta riƙe kilo talatin a cikinsa, sai noti mai buɗewa a ciki, ko wanda zai ratsa bangon ya fita baya. Kada a rataya komai a jikin POP.

Ra'ayina, in an tambaye ni: a raba rumfar gida biyu. Ciki, inda maiƙo da tururi da wuta ke taɓawa, silba 304, in kuɗi bai kai ba 430. Bututu galbanaiz. Rigar waje kuma duk abin da uwargida ke so, baƙin ƙarfe mai fenti ne, ko silba, ko jan ƙarfe. Cikin bai cika cin fiye da rabin falle ba, don haka tsadar ba ta kai yadda ake tsoro ba.

Sai dai ƙarfe mafi tsada ba ya zuƙe hayaƙi. Siffa da fanka da bututu ne ke yi, kuma a nan rumfunan da ake ƙerawa a gida suka fi faɗuwa.

Hayaƙi yana buɗewa ne yayin da yake hawa, don haka rumfa ta fi murhu faɗi da santimita 7 ko 8 ta kowane gefe: murhu mai 90, rumfa mai 105. Ta fito daga bango santimita 55 zuwa 60 don ta rufe kawunan murhu na gaba, inda aka fi yin suya. Tsakaninta da murhun gas kada ya gaza santimita 65, kada kuma ya wuce 75 da yawa. A tuna da tsayin tukunyar tuwo da muciya, da goshin mai girkin. Sannan ta yi ciki kamar kifaffiyar ƙwarya, zurfin santimita 20 ko fiye. Idan aka zuba kifi a tafasasshen mai, hayaƙin da ke tashi a lokaci ɗaya ya fi ƙarfin kowace fanka, wannan ciki shi ke riƙe shi na daƙiƙa biyu kafin a janye. Abin da ta kanti shafaffiya ta rasa ke nan. A bakin ƙasa ta ciki a lanƙwasa 'yar magudana, a karkata ta zuwa wani ƙaramin kofi da ake cirewa, in ba haka ba man da ya taru zai riƙa ɗiga a bango.

Matata iri biyu ce. Raga mai ninki-ninki tana da araha, tana kama maiƙo da kyau ranar farko, amma tana toshewa da wuri, in ta toshe iska ta tsaya, in wuta ta taɓa ta kuma ta zama makamashi. Ɗayar ita ce mai kwarin-kwari, jerin sandunan silba da ke sa iska ta yi kwana, man ya maku a jiki ya gangara. Ba ta toshewa da sauri, tana tare harshen wuta, ana jiƙa ta a ruwan zafi a ɗauraye. Gidan suya, ita. Kuma a sayi matatar da fankar tukuna, sannan a yanka ƙarfe daidai da su. Wanda ya ƙera rumfa sannan ya shiga kasuwa neman matatar da za ta shige ta zai sha yawo.

Fanka ma biyu ce. Akwai mai fukafukai irin wadda ake sa wa a bangon banɗaki, akwai mai siffar katantanwa. Ta farko tana da ƙoƙari in bango kawai za ta ratsa, amma da an sa mata matata a gaba da bututu a baya sai ta yi ta ƙara babu aiki, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. In ta roba ce, maiƙo da zafi za su gama da ita. Mai katantanwa ita ke iya tura iska cikin bututu. Ƙarfinta ana auna shi da kubik mita a awa. Lissafin mai sauƙi ne: auna tsawo da faɗi da tsayin kicin, ka ninka, ka sake ninkawa sau 10 zuwa 12. Kicin mai mita 3 da 4, tsayi 3, kubik mita 36 ke nan, yana son 360 zuwa 430. Don suyarmu, ni zan ƙara zuwa 500 ko 600, da makunni mai mataki uku. Wuce nan ba gwaninta ba ce. Iskar da aka fitar dole wata ta maye gurbinta, shi ya sa dokar gini a Amurka ta wajabta hanyar shigo da iska idan fanka ta wuce kimanin 680. A gidan da aka rufe ruf saboda na'urar sanyaya ɗaki, a buɗe taga kaɗan, amma ba wadda ke daf da murhu ba, don kada iska ta kore hayaƙin daga ƙarƙashin rumfar. Fankar sama ma haka take yi, a kashe ta lokacin suya. Irin waɗannan fankoki galibi wat 100 zuwa 250 suke ci, inbata ko sola na ɗauka, don haka a sa ta a layin da ba ya ɗaukewa. A duba kuma ta 220 zuwa 240 ce; kayan gwanjo daga Amurka na 120 ne. Rumfa ƙarfe ce mai wayar wuta a ciki, ana taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu, dole mai gyaran wuta ya haɗa mata wayar ƙasa.

Bututu ya zama mai santsi a ciki, gajere, marar yawan kwana, faɗin inci shida. Masu aiki na son sa inci huɗu saboda hudar ta fi sauƙi, amma bakin inci shida ya ninka na huɗu fiye da sau biyu, ka ga an shaƙe fankar da ka saya da tsada. Bututun roba na ruwa da kuma mai lanƙwashewa kamar maƙogwaro duk a bar su, na farko yana narkewa, na biyu kowane lungu nasa ma'ajiyar mai ne. Kada a saki hayaƙin cikin rufi, tsakanin silin da kwano, inda katako da wayoyi suke. Ya fita waje sarai, nesa da tagar maƙwabci. In akwai zaɓi a guji bangon gabas, daga can ruwan damina ke bugowa, ƙurar hunturu ma daga arewa maso gabas take zuwa. A bakin waje a sa hula mai kallon ƙasa, da marfin da ke buɗewa in fanka ta tashi ya rufe in ta tsaya, da raga mai manyan ido saboda ƙadangare da tsuntsu.

Abu ɗaya da babu rumfar da za ta halatta shi: shigo da murhun gawayi cikin rufaffen kicin don gas ya yi tsada. Gawayi na fitar da iskar da ba ta da launi ba ta da wari, tana kisa, kuma ranar da aka ɗauke wuta fankar ta tsaya ba wanda zai lura. Tartsatsinsa kuma yana tashi kai tsaye zuwa matata mai maiƙo. Gawayi da itace a bar su a tsakar gida.

Ranar da aka kafa, kafin ka cika wa mai aikin kuɗinsa, ɗora ruwa a kan murhu na gaba ya tafasa, kunna fanka a matakin tsakiya, ka haska tocila daga gefe ka kalli tururin. In yana lanƙwasawa yana shiga ciki, aiki ya yi. In yana zillewa ta baki yana hawa silin, ko rumfar ta yi nisa, ko ba ta fito sosai ba, ko an shaƙe bututun. Sannan ka zaga waje ka sa hannu a bakin bututun, ka bi layin haɗin da tafin hannu ka ji ko iska na tsiyaya. Gyaran da za a yi a ranar, tsani na jingine, injin walda na cikin mota, ya fi sauƙin wanda za ka yi ta kiran waya a kansa bayan an rufe silin.